Ɗorawar da Ke Kan Sabuwar Hanya

Mai girma mai unguwa Maitama, shugaban wannan taro, Malam Jibril limamin gari, Fasto Isaiah, dattawa masu riƙe da al'adar kakanni, iyayena mata da maza, jama'ar gari baki ɗaya, salama gare ku.

Sunana Fibi, jikar marigayi Ɗanasabe mai amya. Na gode da aka bar yarinya ta yi magana a gaban manya. Kun taru ne kan hanyar da za a fasa ta daji, domin motoci su riƙa kwashe masara zuwa Funtuwa ba sai an zaga ta Maska ba. Ni ma ina son hanyar. Amma igiyar awo ta bi ta kan wata ɗorawa guda, kuma ita ta kawo ni.

Da farko, kun san kakana. A kan ɗorawar nan ya rataya amyarsa ta fari, tun kafin a haifi babana. Kakata Tsohuwa kuwa a gindinta take tsintar kalwar daddawa. Kullum sai sun yi faɗa a wurin. Ta ce, "Kai tsoho, ni ka aura ko ƙudan zuma?" Ya ce, "Su dai ba sa yi mini gori." Ta ce, "To su tuƙa maka tuwon dare." Sai ya sauko da saƙar zuma ɗaya ya sa mata a ƙwarya, faɗa ya mutu.

Na biyu, kun san ranar da ya rasu. Abin da ba kowa ya lura ba shi ne, a ranar ƙudan suka tashi gaba ɗaya. Amya ta zama wayam. Tsohuwa ta daina daka, ta daina zuwa kasuwa. Da safe sai ta nufi daji, ta zauna a gindin ɗorawar har rana ta yi sanyi. Ni nake kai mata kunu. Wata rana ta ce mini, "Fibi, gidan mutumin nan ya yi shiru da yawa. Ya kamata wani ya shiga ciki."

Washegari na tarar da zanenta a naɗe jikin amyar, can sama inda tsohuwa ba ta iya hawa. Kun bazu kun neme ta har Danja, ba a ga ko sawunta ba. Amma tun ranar amyar ta cika da ƙuda. Zumar da ke ɗigowa ƙanshin daddawa take yi. Idan na tsaya a ƙasa, kukansu yana tashi yana sauka kamar waƙar da take yi a kan dutsen niƙa. Baba Sanda, ƙanen babana, ga ka nan zaune. Ka lasa zumar, ka juya baya ka yi kuka. Ban faɗa don in kunyata ka ba, na faɗa don ba ni kaɗai ba ce.

Ban ce Malam ya yarda ba, ban ce Fasto ya yarda ba. Ni kaina ban san sunan abin ba. Na dai san ba mu da kabarin da za mu nuna, sai wannan itaciya.

Don haka roƙona ɗaya ne: a karkata hanyar kaɗan. Idan kuma kun ga ba zai yiwu ba, ba zan yi jayayya da iyayena ba. Kada dai a kori ƙudan da wuta. Ku faɗa mini ranar, ku dakata da gatari. Zan hau in kwance amyar da hannuna, in goya ta da zane, in shiga daji da ita har in samu wata ɗorawar da Tsohuwa za ta yarda ta zauna a kai.

Allah ya ba shugabanninmu basirar yanke abin da ya dace. Allah ya albarkaci gonakinmu, ya jiƙan waɗanda muka binne da waɗanda ba mu samu binnewa ba, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.