Hotona da Buhun Taki

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Sani, manomin masara daga Partago.

Da korona ta kashe mana kasuwa, wani kamfani ya zo da kamiyo, wato babbar mota, cike da taki, wai tallafin manoma. Aka jera mu cikin rana, aka ɗora wa kowa buhu, aka ce mini, "Baba, cire takunkumi ka yi dariya." Suna gama ɗaukar hoto suka mayar da buhunan mota, wai sai an tantance sunaye. Har damina ta wuce, shiru.

Jiya na shiga Parakou, sai ga fuskata a ƙaton allon talla, haƙora waje. Tir! Ƙanena da ke unguwar Zongo ya daina gaishe ni, wai na samu na hana shi.

Malam, wa zan gani a sauke allon nan?