Ɓarawon Gashin Jikata

Salamu alaikum, mai gabatarwa. Ga kacici-kacici daga Jabo: wane ɓarawo ka sace gashin budurwa tana zaune gabanai?

Jikata Hadiza, 'yar sha fuɗu, gashin goshinta ya yi ta zubewa. Na ce, "Kin gaji sanƙon kakanki." Ta yi kuka, har ta bar zuwa makaranta. Mun yi hayaƙi, mun ba ta rubutu, shiru.

A asibiti malamar jinya ta ce, "Inna, wa ke mata kitso?"

Na ce, "Ni! In na ja, sai ya yi wata bai motsa ba."

Ta ce jan kitson ne ka tsinke gashin, in sassauta. Yanzu gashi na tsirowa, Hadiza ta koma aji.

Ina gaida ƙawata Kulu ta Kebbe, ita ma ta sassauta. Ɓarawon dai hannuna ne.