Wannan Ingilishin Ba na Ƙanena Ba Ne

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rabi daga Madarumfa.

Ƙanena Sani yana aikin gini a Gana. Tun muna kolej muke rubuta wa juna saƙo da Ingilishi don kada mu manta. Sani na da kuskure ɗaya da ya ƙi barinsa. A Ingilishi kalmar launi ke zuwa kafin sunan abu, shi kuwa kullum sai ya sa ta bayan sunan, kamar a Faransanci. Na yi gyara har na gaji.

To, tun bayan salla saƙonninsa suka zama tsaf, ba kuskure ko ɗaya. In na kira ba a ɗauka, sai a rubuto wai salular ba ta fidda murya. Jiya kuma aka rubuto cewa mu tura ƙanwarmu Hadiza can Gana, wai an samo mata aiki.

Inna ta ce, "Rabi, ɗan'uwanki ne fa, me kike zargi?"

Na ce, "Inna, Hadiza ba inda za ta sai na ji muryarsa."

Jama'a, ku ba ni shawara. Ta yaya zan gano wanda ke rubuto mana da sunan Sani?