Fatalwa a Gidan Bature

A bakin silima a unguwar Deptford ta Ingila, bayan an gama fim, wani ɗalibi ya dubi matar da suka fito tare.

"Hajiya, kin ga zalunci? Baƙar mace tana bautar gidan Bature, fatalwar kakarta baiwa tana bin ta har ta haukace!"

"Ni ba Hajiya ba ce, malam. Kuma me ya tsorata ka? Ita tana da ɗaki. Ni a kicin nake kwana."

"Wane Baturen ne? Mu kai shi ƙara!"

"Bature? Ɗan ƙasarmu ne, kuɗin fetur ya kawo shi. Fasfona yana akwatin matarsa."

"To... ba duka ba. Yarinyar gidanmu kamar 'yar'uwa take."

"Rufe mini baki! Haka uwar ɗakina take gaya wa baƙi, ina tsaye riƙe da faranti."