Ba Mai Wuce Haladu

DANTONG: Halo? Ofishin wasanni, Kaduna. Wa ke magana?

HASIYA: Dantong, Hasiya ce daga Jos.

DANTONG: Wa? Ɗaga murya, layin na ƙara!

HASIYA: Hasiya ta Dilimi! Yayar abokinka Haladu. Kunnen ma ya tsufa ne?

DANTONG: Af, Yaya Hasiya! Ina wuni? Ina gajiya?

HASIYA: Ba gajiya. Ya Roseline da yara?

DANTONG: Suna lafiya, mun gode Allah. Ya Jos? Ya sanyi? Ya kasuwar ƙosai?

HASIYA: Alhamdu lillahi. Ya ƙugun naka?

DANTONG: Yana nan, muna lallaɓawa. A ina kika samu waya?

HASIYA: Kantin maganin Nwabueze. Ga shi tsaye a kaina yana kallon agogo, saboda haka bar gaisuwar nan. Haladu ya hau jirgin ƙasa, yana hanyar zuwa wurinku.

DANTONG: Na sani mana. Gudun famfalaki na gobe, ni na sa sunansa da hannuna. Yaya, ƙaninki ƙarfe ne! Ya haura hamsin, amma ya ce har yau ba yaron da ke wuce shi a Jos.

HASIYA: Ba mai wuce shi, gaskiya ne. Ka tambaya me ya sa?

DANTONG: Me ya sa kuma? Ƙafa ce!

HASIYA: Kunya ce. Kullum da safe ina bakin titin Bauchi da kaskona, a gabana shi da yaran suke wucewa. Yana gaba, suna bayansa kamar 'yan tsaki. In ya rage gudu su rage. Shu'aibu, dogon nan da ko doki zai kamo, sai ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

DANTONG: Haba!

HASIYA: Shi ya koya musu gudun, Baba suke ce masa. Wa zai nuna masa ƙeya a bainar jama'a? Shi kuma ya dawo gida yana bugun ƙirji.

DANTONG: Amma jikinsa... halo? Kina ji na?

HASIYA: Ina ji. Jikin ni na san shi. Tun rasuwar matarsa Mariya ni ke dafa masa ruwan gashin ƙafa. Da can ya je Bukuru da gudu ya dawo, washegari ya tashi ya tafi mayankar Abattoir ya wuni yana fiɗa. Yanzu gudu ɗaya, sai gwiwa ta kumbura kamar kabewa, ta kwana ta wuni ba ta sacce ba. Salla ma a zaune yake yi, ya kulle ƙofa don kada a gani.

DANTONG: To ya huta mana.

HASIYA: Hutu? Shi a wurinsa duk abin da ya ragu lalaci ne, maganinsa ƙari. Ya ƙara keke zuwa Naraguta. Ya ƙara iyo a tsohon ramin kuza, ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, wai yana warkar da gwiwa. Makon jiya na same shi bayan ɗaki ya jingina da bango, hannu a ƙirji, leɓe ya yi fari fat. Wai ƙwarnafi ne.

DANTONG: Wayyo Allah. Asibiti fa?

HASIYA: Sai dai in ɗaure shi da igiya.

DANTONG: Ke da ba ki tsoron kowa, ba ki gaya masa maganar yaran ba?

HASIYA: Na gaya masa, ido cikin ido. Ya tara su a tsakar gida ya tambaye su. Kowa ya sunkuyar da kai ya ce wallahi Baba ya fi ƙarfinsu. Ni na zama maƙaryaciya. Ya daina cin tuwona. Dantong, ka cire sunan nan.

DANTONG: In na cire, titi na gwamnati ne, Yaya. Zai gudu ba lamba a ƙirji. Na san shi tun muna yi wa kamfanin kuza gudu. In ya ga bayan mutum a gabansa, sai ya kamo shi ko ya yi amai.

HASIYA: Abin da ya kawo ni ke nan. A Jos ya daɗe bai ga bayan kowa ba. Gobe fa?

DANTONG: Gobe sojoji ne da 'yan sanda, samari. Ga zafin Kaduna, ba irin iskar dutsenku ba.

HASIYA: To ka tare shi a tasha. Kai tsaransa ne, zai ji taka.

DANTONG: Tawa? Ranar da ƙugu ya sa na ajiye gudu, matsoraci ya kira ni a gaban matata. Sai da muka daɗe ba ma gaisawa. In na buɗe baki, hassada zai ce.

HASIYA: Shi ke nan? Ba abin da za ka iya?

DANTONG: Zan bi shi a baya da motar ofis. Zan riƙe ruwa.

HASIYA: Ba ya shan ruwa a kan gudu, wai na ragwaye ne. Nwabueze, ɗauke hannunka, ban gama ba! Dantong, sojojin nan... kai ne oga a can. Ba za ka yi musu magana ba?

DANTONG: In ce musu me?

HASIYA: Su bi shi a hankali. Su ɗan rage, kamar yadda su Shu'aibu ke yi.

DANTONG: Yaya, ba su san shi ba. Kofi suka zo nema.

HASIYA: Furfura ce fa a kansa! Ba su da iyaye ne? Ka ce musu yayarsa ce ta roƙa, ka ce ni kaɗai... halo? Dantong? Halo!