Reshe Ya Fito Fes

Ni na fara ganin shigar wani Alhaji shagon kyamarori, kafin kowa. Ban yi boko ba, amma na binne sa'o'ina, idona bai dushe ba.

"Malam, karɓi kayanka! Ka ce ƙaramar nan ta fi jawo tsuntsu kusa. Duba hotunan, reshe zalla!"

"Ai reshen ya fito fes, Alhaji," in ji mai shago. "Kyamarar ba madubi a cikinta, ba ta ƙara in tana ɗauka. Me ya kori tsuntsayen?"

"Oho! Har cewa nake su tsaya."

"Da wannan muryar? In kana kiwon tantabaru, fara da su."

"Su na sayar na saye ta."

Mai musu ya je gidan Alhajin. In ya ji kukan tantabara, ya zo ya aske min gemu.