Allon Mai Gyaran Rufi

A bencin shagon buga alluna, wata mai sayar da atamfa tana jiran aikinta, sai wani dattijo ya zauna gefenta da jiƙaƙƙen kwali, tawadar duk ta zube.

"Sannu Baba. Me aka rubuta a jiki?"

"'Ana gyaran rufi mai yoyo.' Sana'ata ke nan, shekara talatin. Sati biyu da bugawa, dubi yadda ya koma tsumma."

"Allah ne ya haɗa mu, ɗakina yoyo yake kamar rariya. Amma Baba, ba a kafa kwali a waje. Na waje a kan leda mai kauri ake bugawa, ko farantin ƙarfe, rana ba ta cin kalar, ruwa ba ya shiga. Kwali na ciki ne."

"'Yata, ni za ki koya wa? Mai shagon nan ya tambaye ni ciki ko waje, na ce ciki."

"To me ya sa ka fitar da shi?"

"Wa ya fitar? A bangon shagona yake, saman tebur."

"Wani ya watsa masa ruwa ke nan?"

"Ruwan saman shekaranjiya ne. Na jera bokiti huɗu, nan ne kawai babu wurin ajiye na biyar."

 Dattijon ya gyara murya.

"Kin ce ɗakinki na yoyo? Karɓi lambata."

"Bar shi kawai, Baba. Bokiti kam ina da su."